Furojet ɗina a kan Malam Aminu Kano, da wurin da na so in tsallake

Lokacin da aka ce mu zaɓi taken furojet a shekarar ƙarshe ni ko tunani ban tsaya yi ba na rubuta Malam Aminu Kano, don a ganina aiki ne mai sauƙi, mutumin da tun muna yara hotonsa ke rataye a shagon kakana wajen Ƙofar Guga a Katsina, in zauna kawai in jera yabo in karɓi makina in yi gaba. Da na kai babin farko wurin malamin da ke duba min aikin, shafi biyu ya karanta ya turo min abina ya ce wannan ai ta'aziyya ka rubuto. Wallahi ranar na ji haushi ba kaɗan ba.

Abin da ke cikin littattafai duk na kwaso, haihuwarsa a 1920, koyarwa a Midil ta Bauchi, karatu a Landan, zaman Maru, jam'iyyarsu ta talakawa NEPU da aka kafa a watan Agusta 1950, zuwansa majalisar wakilai a Legas a 1959. Amma akwai inda na tsallake da gangan. A 1967 Malam ya karɓi kujerar kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon, wato minista ke nan a yau, ya fara riƙe sadarwa, daga 1971 kuma lafiya har 1974. Ni abin bai zauna min ba, ta yaya jagoran talakawa zai yi shekara bakwai cikin gwamnatin soja? Malamin ya ɗora biro daidai wurin ya ce to ga furojet ɗinka nan.

Haka na shiga neman tsofaffin 'yan NEPU a cikin gari, da kyar aka haɗa ni da wani dattijo da ko fita ba ya iya yi sosai. Na same shi a zaure kan buzu, na ajiye waya zan ɗauki murya ga takardata da tambayoyi ashirin na lanƙwashe ƙafa kamar wani ɗan jarida, sai ya ce ɗan nan kashe abin nan ka sha fura tukuna. Wajen awa biyu ban samu na yi tambaya ko ɗaya ba, shi dai labarin haraji da jangali yake, da yadda 'yan dokan En'e ke kama mutum don kawai ya je lacca a kai shi gaban alƙali, can ya sa jikansa ya ɗauko wani tsohon gwangwani ya ciro rasit ɗin haraji duk ya yi ja ya kusa rabewa a wurin ninki. Da na matsu in katse shi, yanzu kuwa rabin babi na uku daga hirar nan ya fito.

Sai da za a kira la'asar na samu na ce Baba, to maganar shigar Malam gwamnatin soja fa? Ya yi dariya ya ce mi kake so ya yi, ƙasa na cikin yaƙi? Ya ce wasunsu sun ji zafi a lokacin kuma shi ma yana ciki, amma in je Gwammaja in ga irin gidan da Malam ya koma. Na je Kano na ga gidan nasa, wato gidan Mumbayya, na kuma fahimci abin da yake nufi, duk da dai ƙaramin gida bai amsa min tambayar gaba ɗaya ba.

Ya kuma ba ni labarin 1979, lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna, PRP, jam'iyyar Malam ta lokacin, ta ci gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, kafin majalisa ta tsige shi a 1981. Rikicin Santsi da Taɓo kuwa, wato ɓangarori biyun da PRP ta rabe, 'yan Taɓo na tare da Malam 'yan Santsi suka ɓalle, har cikin gidansu ya shiga, shi Taɓo ƙanensa Santsi, suka daina cin tuwo kwano ɗaya sai da Malam ya rasu a Afrilun 1983 suka haɗu wurin zaman makoki.

A ƙarshe duk ɓangarorin biyu na rubuta, na masu ganin ya yi daidai da na masu ganin ya sassauta, ban yanke hukunci ba don ni kaina har yau ban gama yankewa ba. Yanzu ko rahoto nake rubutawa a ofis in na ji hannuna na son tsallake wani wuri sai in koma in sake dubawa. Rasit ɗin nan dai na so in ɗauke shi hoto in sa a bayan furojet, Baba ya mayar da shi gwangwani ya rufe ya ce ba abin ado ba ne.