Yaro mai farfaɗiya, ba faɗuwar ce kaɗai ke wahalar da shi ba

In aka ce farfaɗiya abu ɗaya ne ke zuwa wa mutane a rai, yaro ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, kumfa a baki, jama'a sun ja baya suna salati daga nesa. To amma faɗuwar nan minti nawa ce? Biyu ko uku ta wuce. Sauran kwanakin fa, da yaron zai sa yunifom ya fita cikin sanyin Jos ɗin nan ya tafi makaranta kamar kowa, a ce ya zauna shiru, a ce ya kawo hadda, a ce ya rubuta tes, nan ne wahalar take kuma nan ne ba mai tausaya masa, tunda ba a ga ya faɗi ba.

Ni malamar firamare ce, kuma ɗan yayata na fama da ciwon, to ta gida da ta aji duk ina gani.

Akwai ma wata iri da yaro ba ya faɗuwa kwata-kwata. Yana zaune sai ya ƙame, ido a buɗe, wani sa'in yana ɗan ƙifta ido ko motsa baki, daƙiƙa goma haka sai ya dawo ya ci gaba kamar ba komai, shi kansa bai san an yi ba. Tana iya zuwa sau da yawa ƙwarai a yini guda, kuma ta fi kama 'yan shekara 4 zuwa 10, wato daidai lokacin da ake koyon karatu da lissafi. Kamar kana waya ne netwok na yankewa, ka ji farkon magana ka ji ƙarshe tsakiya babu, sannan a tsare ka da bulala a ce maimaita abin da aka faɗa. Irin yaran nan ne ake rubuta wa ba ya mai da hankali a ripot kad duk zango. Bambancinsa da mai tunanin banza shi ne, wancan in ka kira sunansa ko ka taɓa shi zai firgita ya juyo, wannan kuwa ko ka tafa a gabansa ba zai amsa ba sai abin ya sake shi.

Ba wai duk mai farfaɗiya ne ke da matsalar karatu ba fa, da yawa ƙwaƙwalwarsu garau, suna cin jarrabawa lafiya lau. Amma wasu abin da ya jawo ciwon tun farko shi ne ya taɓa wajen koyon, doguwar naƙuda da jariri bai yi kuka da wuri ba, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani ana shanya yaro a hantsi, sanƙarau, maleriyar da ta hau kai, ko buguwa a ka. Wasu kuma cikin barci abin ke tasar musu, ba wanda ya sani sai dai a ga fitsarin kwance ko cizo a harshe, kuma barci ne ke zaunar da abin da aka koya da rana, shi ya sa za ka ga yaro ya iya sura da yamma tsaf, da safe ta gudu. Ko bayan babbar faɗuwa ma wani sai ya wuni a gajiye a ruɗe, amma gobe a tura shi jarrabawa a ce ai ya warke.

Sai maganin kansa, wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Phenobarbitone tsohon magani ne tun 1912 ake amfani da shi, yana aiki kuma shi ya fi araha, shi ya sa ya fi yawa a hannun talaka. Babba in ya sha barci yake sa shi, amma yara da yawa akasin haka yake musu, rashin zama wuri ɗaya, saurin fushi, kukan banza. Ɗan yayata da aka ɗora shi a kai faɗuwa ta ragu sosai alhamdulillah, sai dai yaron da muka sani mai sanyi ya koma dukan ƙannensa, ba ya iya zama ya gama layi biyu na rubutu. Babansa ya ce sangarta ce, kakarsa ta ce ai dama masu abin ne ba su sake shi ba. Na ce Yaya kin gaya wa likita kuwa? Ta ce haba ke kuwa, me zan ce masa, ai wannan ba ciwo ba ne rashin ji ne. Kun ji inda matsalar take. A asibiti ana tambaya sau nawa ya faɗi, uwa ta ce bai faɗi ba, a sake rubuta magani a sallame ta, ga layi a waje. Da ta koma ta faɗa, a hankali aka sauya masa wani, ba a rana ɗaya ba, kuma wallahi an ga bambanci, ko da yake lissafi har yanzu sai da lallashi.

Kowane magani da nasa halin. Keppra an san shi da sa fushi da ƙunci ga wasu yara, Epilim na sa ƙiba da cin abinci kuma yana da haɗari ga jaririn da ke cikin mai juna biyu, don haka in yarinya ta fara girma dole a tattauna da likita, Tegretol kuwa yana da kyau ga wasu nau'in amma yana iya ƙara wa waccan irin ta ƙamewa da na faɗa tsanani. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji an je kemis an ce a ba ni irin wanda ɗan maƙwabciya ke sha. Kuma don Allah kar wanda ya karanta wannan ya je ya tsayar wa yaro da magani da kansa, yankewa farat ɗaya na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa. Duk jijjigar da ta wuce minti 5 asibiti ake nufa, ba cusa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe kawai. Addu'a da ruƙya ba wanda ya hana, a yi, amma ƙwayar safe da ta dare su ci gaba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce masu ciwon a faɗin duniya sun kai wajen miliyan 50, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace.

Wani fushin kuma ba ciwo ba ne ba magani ba ne, mu ne. Yaron da aka daina zama benci ɗaya da shi, ba mai shan ruwa a kofinsa don wai yawunsa na yaɗa ciwon, alhali ba a ɗauka ta yawu ko taɓawa sam, an hana shi ƙwallo an hana shi aike, ya za a yi ba zai zama mai ƙunci ko mafaɗaci ba?

Abin da na sa Yaya take yi yanzu, ƙaramin littafi ne take rubuta ranar da ya yi, da yadda ya yi barci, da ranar da ya birkice, in za su ga likitan yara a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos can Lamingo, ta haɗa har da ripot kad ɗinsa, in ya yi wani abu da ba ta gane ba ta ɗauka a waya ta nuna. A aji kuma ba wani abin kuɗi ake buƙata ba, a zaunar da shi gaba, a ba shi umarni ɗaya-ɗaya, in ya ƙame a maimaita masa abin da ya wuce shi ba tare da an kunyata shi ba. Sai dai malami ba zai yi ko ɗaya ba in bai sani ba, kuma iyaye da yawa ɓoyewa suke, musamman in mace ce saboda maganar aure nan gaba. Ban cika ganin laifinsu ba, domin akwai makarantun kuɗi a garin nan da in suka ji sai su fara cewa aji ya cika.