Cefane a Kasuwar Firenze

Duk ɗan Garwa ko Marwa da ya saba da ciniki a babbar kasuwarmu zai ga abin mamaki a Mercato Centrale da ke birnin Firenze na ƙasar Italiya. An buɗe ta a 1874, ginin ƙarfe da gilashi ne wanda Giuseppe Mengoni ya tsara, kuma a 2014 aka mayar da benenta wurin cin abinci.

A ƙasa ake cefane: cuku, man zaitun, busasshen tumatir da kifi. Farashi a rubuce yake, ba a tayawa, kuma mai kayan marmari ba ya son a taɓa masa kaya, shi zai zaɓa maka. Wannan ya yi mini nauyi, domin mu sai mun latsa tumatir kafin mu biya.

Abincin da birnin ke alfahari da shi shi ne lampredotto, tumbin saniya da ake dafawa har ya yi laushi, a cusa cikin burodin da aka tsoma a romo. Sai dai Musulmi ya yi hattara, domin yawancin naman da ke rataye a rumfuna na alade ne, na saniyar ma sai an tambayi yankansa. Ni dai kifi da taliya na ci, kuma sun gamsar da ni.