Wa ke hukunta lauya ko noter idan ya ci amana?

A Yamai, mutumin da lauyansa ya riƙe masa kuɗin diyya, ko wanda noter, wato jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki da na gado, ya ja masa rai wajen rabon kuɗin gidan gado, yakan ƙare ne da cewa ya bar su da Allah, domin a ganinsa wanda ya san doka ciki da waje ba ya kamuwa. Wannan saduda tana damuna ƙwarai, saboda hanyar kai ƙorafi tana nan a rubuce, sai dai jama'a ba su san ƙofarta ba.

Lauyoyin Nijar duka suna ƙarƙashin ƙungiya guda, kuma su da kansu suke zaɓen shugabanta, wato batoniye. Dokar ƙasa ta 2004 ce ta tsara aikinsu, sannan a 2014 ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, suka amince da ƙa'idoji na bai ɗaya a kan wannan sana'a. Wanda lauyansa ya cuta, ko suka saɓa a kan ladan aiki, batoniye zai rubuta wa. Idan magana ta kai gaban majalisar ladabtarwa, hukuncin hawa-hawa ne: gargaɗi, tsawatarwa, dakatarwa na wani lokaci, har zuwa soke suna daga jerin lauyoyi, kuma wanda aka hukunta yana da damar ɗaukaka ƙara. Akwai kuma asusun CARPA, wanda aka kafa domin kuɗin da lauya ya karɓa a madadin wanda yake wakilta su bi ta cikinsa, kada su gauraya da na aljihunsa. Mutane ƙalilan ne suka san suna da ikon tambaya ko kuɗinsu sun shiga can.

Sha'anin noter ya fi nauyi a wurina. Lauya na ɓangare guda ne, amma noter jami'i ne da hukuma ta naɗa, ta ba shi hatimi, domin ya tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa ba tare da karkata ba. Takardar da ya sa wa hannu tana da ƙarfin da ba a karya shi da musu na baki, sai an bi shari'a ta musamman an tabbatar da jabu ce. Saboda haka idan ya yi sakaci wajen binciken takardun fili, ko ya bar kuɗin magada suka kwana a hannunsa fiye da kima, ɓarnar takan bi iyali har jikoki. Majalisar notoci ta ƙasa tana sa musu ido, haka ma babban mai gabatar da ƙara na kotun ɗaukaka ƙara.

Na taɓa raka wata maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu, zuwa wani ofishi inda kuɗin gidan da aka sayar suka maƙale. Takardunta suna naɗe cikin baƙar leda, da shaidar rasuwa da ta gado da katin ɗan ƙasa, amma babu rasit ko ɗaya na abin da ta biya. Amsar sakatariya ba ta canzawa: "Hajiya, Metir yana jastis, ki dawo mako mai zuwa," wato mai ofishin ya tafi kotu. Sai da aka rubuta mata wasiƙar ƙorafi mai kwanan wata, aka kai, aka buga hatimin karɓa a kan kwafinta, sannan aka fara kiranta a waya.

Na yarda cewa lauyoyi su riƙa hukunta junansu, domin lauyan da minista ke iya korarsa ba zai tsaya wa talaka a gaban gwamnati ba. Amma wannan 'yanci amana ce, kuma tilas jama'a su ga yadda ake riƙe ta. Ya kamata kowace shekara a bayyana yawan ƙorafin da aka karɓa da yadda suka ƙare, a kuma sanar da sunan wanda aka dakatar ko aka soke, domin kada ya ci gaba da karɓar kuɗin mutane. Ya kamata a yi bayanin hanyar ƙorafi da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyo, tunda Faransanci ba kowa ke karanta shi ba. Mutumin Tawa kuwa, wanda tsakaninsa da ofishin batoniye ya haura kilomita 500, a ba shi wurin ajiye ƙorafinsa a kotun garinsu, a miƙa masa shaidar karɓa nan take.