Rigar fatar Kwamando

Asabar, tsakiyar damina

Kwalin tun jiya da daddare ya iso amma na ƙi buɗewa, babu wuta, ni kuma ba na duba fuskar mutum-mutumi da fitilar caji don ba ta faɗin gaskiya, ko fentin banza ne sai ta nuna maka shi da kyau. Sai yau da hantsi bayan na karya na jawo tebur kusa da taga na shimfiɗa farin ƙyalle na wanke hannu sannan na yanke salatif.

T-800 ne, mutumin ƙarfen nan na Terminator 2, fim ɗin James Cameron na 1991, wato Arnold Schwarzenegger da mu nan ba mu san shi da wani suna ba sai Kwamando. Na hannu ne, wani ya riƙe shi shekaru kafin ya sayar, abokina da ke harkar kaya a Guangzhou shi ya karɓa ya haɗo min cikin kayansa. Kuma ba na manyan kamfanonin da ke da lasisi ba ne, irin na ƙananan nan ne da ba su sayi izini ba, sai su ƙera fuskar ɗan wasa sak su buga wani suna daban a kwali. Na san haka na saya, don sabo na Hot Toys, babban kamfanin da ke ƙera su da lasisi, yanzu daga dala 250 zuwa sama ake magana kafin kuɗin jirgi, da canjin da ake ciki kuwa sai dai mutum ya kalla a waya.

Abu na farko tsawo. Ma'aunin ɗaya bisa shida ne, kowane santimita shida na mutum ya koma ɗaya, na sa tef na samu 31 da takalmi, ya yi daidai da mutumin da ake cewa ya kai 188. Daga nan na cire masa tabarau, don nan ne ake ɓoye aibi, T-800 da baƙin tabarau ko wane ne ya sassaƙa shi zai yi kama. Na juya shi ta gefe. Ni a wurina kamanni ta gefe ake gane shi ba ta gaba ba, muƙamuƙi, tudun goshi, yadda leɓen ƙasa ya ɗan turo, kuma wallahi wanda ya yi wannan kan ya kalli fim ɗin sosai, Arnold na 1991 ne ba na fim na farko na 1984 ba, fuskar ta fi faɗawa, gashin a tsaye. Mutane da yawa ba sa lura da wannan, sai ka ga an sa kan fim na farko a kayan fim na biyu an ce ai duk shi ne.

Fentin ne ya ɗan gaza. Fatar mutum ba launi ɗaya ba ce, akwai ja-ja a kunne da kan hanci, akwai duhun gurbin gemu da aka aske, akwai ƙananan ɗigo-ɗigo, masu fenti na ƙwarai hawa-hawa suke zubawa har sai ka ga kamar jini na gudu a ƙarƙashi. Wannan an yi hawa biyu ko uku an tsaya. Ba muni, daga nisan taku biyu babu mai cewa komai, amma da na ajiye shi kusa da Joker ɗina (mugun fim ɗin Batman) na Hot Toys bambancin ya fito fili. Shi wancan har yau idan na kalle shi sai na tuna da JC Hong, ɗan Koriyan da sunansa ke jikin kwalayen kamfanin a matsayin mai kula da fenti, mutum ya zauna da burushi ya fitar da samfuri ɗaya sannan ma'aikata su kwaikwaya a dubban kawuna. Aikin hannu ne fa, shi nake biya wa kuɗi, ba robar ba. Idanun wannan dai sun zauna daidai, babu harara-garke, na gode Allah, don ido in ya karkace da ko rabin milimita ne shi kenan fuska ta mutu.

Gaɓoɓi lafiya, gwiwa na lanƙwasa biyu, idon sawu bai saki ba, yana tsayuwa ba tare da sandar tallafi ba. Hannun da ke riƙe bindiga na jiƙa shi a ruwan ɗumi kafin na cusa, in ba haka ba ƙusar wuyan hannun karyewa take. Bindigar kuwa Winchester 1887 ce da yake juyawa da hannu ɗaya a kan babur, an yi ta da kyau, marikin ma yana motsi.

Sai rigar. Ina ɗaga masa hannu na ga baƙin gari ya zubo a farin ƙyallen, na duba hammata da wuyan rigar duk sun fara ɓarewa. Mai sayarwa bai ɓoye ba, ya nuna a hoto, amma tafiyar da zafin kwali sun ƙara. Wannan ita ce cutar harkar nan gaba ɗaya. Ba fata ba ce, yadi ne aka shafe shi da siririyar roba, danshi da zafi suna cin robar a hankali har ta rabu da yadin, kuma in ta fara babu man da zai dawo da ita. Wanda ya rufe nasa a kwali wai yana jiran ya yi tsada ma bai tsira ba, wata rana zai buɗe ya tarar da gari. Shi ya sa ni ban yarda da ajiye su a rufe ba, in dai zai lalace to ya lalace ina kallonsa.

Ina zaune ina kallon garin nan sai tunani ya zo min, mu da muke Kano, garin majema da dukawa, a ce rigar fata ta gagare mu? Fatar jan akuyar Sakkwato da Maraɗi ce ayari suka riƙa tsallakawa da ita hamada har Turawa suka sa mata sunan Maroko. Bayan azahar na naɗe shi a tawul na sa a jaka na hau Adaidaita zuwa Kurmi, wurin wani dattijo baduku da tun ina yaro yake yi wa mahaifinmu aiki.

Na gaishe shi, na ce Baba aiki na kawo amma sai ka yi haƙuri da ni. Da na warware tawul ya yi shiru, ya ce ɗana ɗan tsana kake wasa da shi da gemunka? Na ce Baba duba ɗinkin tukuna. Ya sa gilashinsa ya karɓa ya juya rigar ciki waje, ya bi layin zaren da farce, ya daɗe a kan aljihun da zif ɗinsa bai kai tsawon gaɓar yatsa ba kuma yana zugewa. Ya ce wanda ya yanka wannan ya san aiki, kayan ne aka cuce shi da su. Wallahi sai na ji daɗi har cikin raina, don abin da nake gani kenan kullum na kasa sa mutane su gani.

Ya tambaye ni su waye ke wannan sana'a, na ba shi iya abin da na sani, cewa a Amurka aka fara a 1964 da wani soja G.I. Joe na kamfanin Hasbro, tsawonsa kusan wannan, na yara ne zalla, daga baya da Star Wars ya fito aka koma ƙanana da ba su kai santimita goma ba, sai wajen shekarar 2000 wasu a Hong Kong suka dawo da babban suka mai da shi na manya, suna ɗauko masu sassaƙa daga Koriya da Japan. Ya ce to. Ya kuma yi min nasiha a kan ajiye mai siffar mutum a gida, na ce Baba ba sa ɗakin da muke kwana ko sallah, suna kabad ɗin gilashi a ofishina, ya ce ka dai ƙara tambayar malamai, na ce in sha Allah, kuma da gaske nake.

Daga nan muka shiga ainihin matsalar, kauri. Fatar da ake rigar mutum da ita in ka sa wa wannan za ta tsaya ƙiƙam, ba za ta yi lanƙwasa a gwiwar hannu ba, dole ita ma a rage ta kamar yadda aka rage mutumin. Ya jawo wata fatar ɗan akuya jimar bagaruwa, mai laushi, ya ɗora a kan dutse ya riƙa kankare bayanta da wuƙa har ta koma kamar takarda, ya naɗa a yatsansa ya nuna min yadda take karyewa ƙanana-ƙanana. Ya ce da kuloko zai baƙanta ta. Nan na roƙe shi ya sa mata farin shafi a ciki, don baƙin rini yana kama jikin roba kuma ba ya fita. Ya ce basilla ba za ta yi ba, sai allurar mata mafi siriri, kuma jikansa ne zai yi ɗinkin don idonsa ya fi.

Tsohuwar rigar na bar masa zai farke ta ya yi awo da ita, zif-zif ɗin da maɓallan ma su za a mayar tunda babu inda za mu samu irinsu a nan. Shi kuma na dawo da shi da 'yar singiletinsa mai toka-toka. Ban yi ciniki ba, abin da ya faɗa na ba da rabi.

Abu ɗaya ya rage ban yanke ba, ramukan harsashi a bayan rigar. A fim tun a lungun wani babban kanti ya juya baya ya kāre yaron da aka aiko shi ya tsare aka ɓula ta, tsohuwar rigar kuma lafiyayya ce babu rami. Baba ya ce shi ba zai ɗinka abu da wahala ya kuma huda shi da hannunsa ba sai na ce a yi. Na ce ya ba ni zuwa Laraba, zan sake kallon wurin a hankali in ga inda suke, in ma na bar ta lafiyayya to fitowarsa daga mashaya zan tsayar da shi, kafin ya haɗu da T-1000, mugun da ya harbe shi.