Abin da gyaran tsohuwar fiyano ya koya min

Ni dai kafinta ne na ƙauye a ƙasar Sumaila, aikina gadon amare da kwaba da bencin makaranta, sai rufi idan an samu. To wai ni aka kira gyaran fiyano. Ba irin kibod ɗin nan na lantarki ba fa, tsohuwa ce ta katako, mai tsaye da ake jingina ta da bango, maɓallanta 85 ba 88 irin na yanzu ba, Turawan mishan ne suka bar ta a wata majami'ar maƙwabtanmu Hausawa Kirista. Baba Fasto ya ce min "Malam, ba kiɗa muka ce ka yi ba, wani katako ne ya tsage a ciki, kuma mai saita ta yana Jos, ya ce ba zai taso ba sai an samo kafinta mai haƙuri." Na ce Baba haƙurin dai a gwada, amma ni ban taɓa leƙa cikinta ba.

Da muka cire murfin ƙasa sai ga wayoyi sun haura 200, an ɗaure su a jikin wani firam na ƙarfe. Mutumin Jos ɗin, wanda a waya da hotunan WhatsApp muka yi yawancin aikin, shi ya fara tsorata ni, ya ce kowace waya tana jan abin da ya kai kilo 70 zuwa 80, idan aka haɗa duka ana maganar wajen tan 18, don haka kar in kuskura in kama kwancewa da gaggawa. Wayoyin murya mai kauri su ne aka naɗe da jan ƙarfe, sun taso daga sama ta hagu sun gitta kan sauran sun sauka ƙasa ta dama, can suke hawa kan wani katako mai ɗan lanƙwasa. Aikinsa ɗaya da jakin goge, shi yake ɗaukar rawar waya ya kai wa faffadan allon da ke baya, allon ya fitar da sauti. To wannan jakin ne ya dare.

Kuma idan ka duba ka ga dalili. Kowace waya tana bi ta tsakanin 'yan ƙusoshi biyu marasa kai, ɗaya ta karkata nan ɗaya ta karkata can, wayar ta ɗan karya kwana a tsakaninsu, wato kullum tana tura su gefe, dare da rana, shekara da shekaru. Sai ga hunturunmu. Kayan da aka ƙera don iskar Turai, masu sana'ar suna son danshi ya zauna wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu yana faɗuwa ƙasa da 20, damina ta zo ya yi sama, katako ya sha ya kumbura, rani ya zo ya tsuke. Tsagar ta bi layin ƙusoshin tiryan-tiryan daga rami zuwa rami, ƙusoshin suka kwanta, shi ya sa in ka danna sai ka ji wani zzz marar daɗi.

Babban abin da na ɗauka a aikin nan, wanda ya saɓa wa duk yadda aka koya min, shi ne ba a ɓalle abin da ya lalace sai an gama karanta shi. Mu a shago ƙafar kujera ta karye, guduma ɗaya ka fitar da ita ka jefa wa mata su hura wuta. Nan kuwa ruɓaɓɓen katakon shi kaɗai ya san inda kowace ƙusa take. Sai da na auna tsayinsa daga jikin allo a wurare da yawa na rubuta, na auna nisan sa da firam, na shimfiɗa takarda mai kauri a kai na goga fensir har kowane rami ya fito, kuma da yake ƙusoshin sun riga sun goce sai ka yi ta lissafin inda suke tun asali ba inda suka koma ba. Wayoyin ma da muka sassauta su a hankali muka zare su daga ƙugiyoyinsu na ƙasa, a jere muka zura su a wata waya guda kamar yadda suke, domin kowace da kaurinta da tsawonta, in suka cakuɗe ka shiga uku, ba a Sabon Gari za ka samu madadinsu ba. Mutumin Jos ɗin ya kuma hana ni taɓa jan ƙarfen da hannu mai gumi, wai yana dusashe murya.

Wani abin da ya burge ni, gam ɗin mutanen da. Na fata ne, wanda ake dafawa, da ka sa masa ɗumi da ɗan danshi sai ya saki. Bayan na kwance sukurorin da suka riƙe shi ta bayan allo, tsumma mai zafi da siririyar wuƙa kawai suka raba jakin da mazauninsa ba tare da allon ya ji ciwo ba. Wanda ya haɗa ta ya san wata rana wani zai buɗe. Ni kam yanzu ina jin haushin masu zuba Araldite a komai, ƙaramar tsaga ya yi mata, amma ba ko'ina ba.

Katako ne ya ba mu wahala. Su can da mapul ko bich suke yi, itatuwa masu tauri da ƙaramin ido da ke riƙe ƙusa gam. Na zaga 'yan katako a Na'ibawa, madaci akwai, amma ɗanye-ɗanye ne, kuma ɗanyen katako a wannan wurin asarar wahala ce. Ƙarshe wani tsohon ƙyaure na ƙawo na saya a hannun wani dattijo, ya fi ni shekaru a bushe, kuma ƙawo ba ya yawan motsi da sauyin yanayi. Na san ƙwararru za su yi tsaki, mutumin Jos ma sai da ya ja numfashi, amma a ganina gara itacen da ya san hunturu.

Huda ramukan kuwa, nan ne ake gane kafinta. Ramin ya ɗan fi ƙusar matsi, kuma a karkace, duka karkata iri ɗaya, sai da na yanka wani guntun katako ya zama jagorar dirila don hannu kaɗai ba abin yarda ba ne. Sannan a fere bakin da ciza yadda gaɓar za ta ratsa daidai tsakiyar rami, don wayar ta bar katako da ƙusa a wuri guda, in ba haka ba muryar ta riƙa rawa. Tsayin kuma da zare ake gwada shi, ka ja zare a hanyar waya, dole ya fara taɓa jakin kafin ya sauka ƙugiya, ratar kamar kaurin kwabo. Na bar shi da ɗan tudu na riƙa rage shi da filen kaɗan-kaɗan, aski ɗaya in gwada, wallahi yaron shagona har gajiya ya yi da kallo ya ce "Oga wai yau ba za mu ci abinci ba ne?" Saman kuma bakin fensir aka goge shi da shi har ya yi sheƙi, don waya ta zame.

Da mutumin ya iso shi ya mayar da wayoyin, kowace sai ya murɗa ta zagaye ɗaya ta bangaren da naɗinta ya bi kafin ya saƙala. Bai kai muryarta ma'aunin sauti na 440 ɗin da ake saita fiyanon zamani ba, ya bar ta ƙasa kaɗan, ya ce tsofaffin wayoyi ba sa son a matsa musu. Ya sa an janye ta daga jikin taga da bangon da rana ke duka, ya ce zai dawo ya sake saiti bayan damina. Dogon jakin na sauran wayoyin ma akwai 'yan tsagogi a ƙarshensa, na nuna wa Baba Fasto, ya ce wannan sai an sayar da amfanin gona tukuna.