Sana'ar jita a YouTube daga Jos: abin da na koya

Aikina shi ne in ɗauki waƙar da jama'a suka riga suka haddace, ta soyayya ce ko ta rawa, in sake mata kiɗa da jitar lantarki irin ta hebi metal, wato kiɗan Turawa mai nauyi da ƙara, in ɗora a YouTube. Jos ta fitar da mawaƙa da yawa, su P-Square da M.I da Ice Prince, kafin su kuma ga marigayi Ɗan Maraya da kuntiginsa, amma har yanzu in ka ce metal kake kaɗawa sai a yi maka kallon tausayi. Kawuna da ya fara jin ƙarar daga ɗakina cewa ya yi, "Kai ɗan nan, injin markaɗe ka sayo mana?"

Sabon shiga duk hankalinsa yana kan yatsun da ke tsere a wuyan jita. Nauyin metal kuwa a hannun da ke bugu yake. Za ka kwantar da gefen tafinka a gindin tsirkiyoyi, ka danne su kaɗan, sautin ya fito a dunƙule, sannan ka buga ƙasa ƙasa ba tare da ka riga ganga ko ka yi mata latti ba. A wajen naɗar sauti ake gane gwani, domin sau biyu ake kaɗa kowane sashe, a ajiye ɗaya a kunnen hagu, ɗaya a na dama. In hannunka bai zauna ba, biyun za su yi ta karo, kuma ƙara wa sauti kaushi ba ya rufe wannan asiri, sai ma ya cakuɗa komai. Tony Iommi, wanda ƙungiyarsa Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970 daga Birmingham ta Ingila, ya rasa kawunan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17. Da roba ya yi wa yatsun hula, ya koma siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta su don rage zafi, sautin ya ƙara zurfi. Mai neman burge mutane da gudu ya tuna da wannan.

Mai kallo kuma ba don kai ya zo ba, don waƙar ya zo. Shafin lissafi na YouTube yana nuna maka daidai daƙiƙar da mutane suka watse, kuma a bidiyona kusan kullum wajen doguwar shimfiɗa ce. In amshin da suka sani bai iso da wuri ba, sun wuce. Leo Moracchioli na ƙasar Nowe, wanda ya yi suna a wannan fanni yana kaɗa kayan kiɗan da kansa, duk yadda ya hargitsa waƙa za ka iya binta da baki.

Maganar kuɗi ita ce inda samari ke yawan ruɗuwa. Tun 2018 sharaɗin samun kuɗin talla a dogayen bidiyo shi ne mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Ka cika wannan, sai ka haɗu da Content ID, manhajar da YouTube ta kafa a 2007 don gano kayan masu haƙƙin mallaka. Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu: na wanda ya tsara ta, da na wanda ya naɗe ta. Ko da kai ka kaɗa komai da hannunka, na biyun kaɗai ka mallaka. Mai waƙar yana iya raba kuɗin tallan da kai, yana iya kwashewa duka, yana iya toshe bidiyon a wasu ƙasashe, kuma yana da gaskiya. Abin da ya rage maka ma, kason da ya fito daga masu kallo na Amurka ana cire masa harajin kashi 30 cikin 100, saboda babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Najeriya, sannan ba a biya sai kuɗin sun kai dala 100. Shi ya sa nake kallon bidiyon a matsayin talla. Abincina yana fitowa ne daga koyar da yara jita a Rayfield da Bukuru, da kaɗa wa masu sutudiyo, wasunsu ma a bidiyon suka fara ganina.

Garin ma yana da nasa sharuɗɗan. Hunturun Jos yana busar da katakon jita, wuyanta ya ɗan motsa, saiti ya gudu, ga yatsu sun sandare da asuba. Janareto yana shigar da wani zuzu cikin wayar jita wanda kaushin metal ke ninkawa, don haka da batirin kwamfuta nake naɗa, caja a cire, fanka a kashe. Tun da fetur ya tashi bayan cire tallafi a Mayun 2023, wannan dabara ta zama dole.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne mene ne nawa a cikin waƙar wani. Masu yin irin wannan aiki a Turai da Amurka ba su ƙirguwa, kayan aikinsu sun fi nawa, kwaikwayonsu ba zai kai ni ko'ina ba. Abin da ba su da shi shi ne kunnen da ya tashi da kalangu da goge da garaya. Yawancin kiɗanmu a kan muryoyi biyar yake tafiya, irin tsanin da metal ya gada daga bulus, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, saboda haka salon garaya yana hawa jita mai kaushi ba tare da an tilasta masa ba. Maƙwabtanmu Buzayen Nijar, irin su Bombino da Mdou Moctar, sun riga sun nuna cewa jitar lantarki tana iya magana da harshen gida, duniya kuma ta saurara.

Yanzu nakan gayyaci wani dattijo mai kalangu, in cire gangar kwamfuta a tsakiyar waƙa in bar masa fili. Wahalar ita ce shi ba ya bin ƙidayar na'ura. Yakan ja, yakan saki, yadda ake yi a filin biki. Na ce masa, "Baba, ko za a ɗan bi wannan ƙwanƙwasar da ke kunne?" Ya cire abin kunnen ya ajiye, ya ce, "Yaro, kai za ka bi ni." Haka muke yi: shi ake fara naɗa, sannan in zauna in ɗora jita a kan bugunsa, sashe sashe, wanda yakan ci mini ninkin lokacin da na saba. Ina biyansa a ranar, kuma sunansa yana ƙarƙashin bidiyon kusa da na mai waƙar.