Daga tattaɓa-kunne zuwa kakan kaka

Ranar sunan ɗan ƙanena na lura cewa gwaggona, wadda ta haura shekara tamanin, ita kaɗai ce ta rage a gidanmu da ke iya jero salsalarmu ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Ta ɗauki jaririn, ta ce jikanta ne, kuma idan Allah ya ja kwana ta ga ɗansa, to ta ga tattaɓa-kunne.

Hausa tana rarrabe dangi dalla-dalla, domin baffa ɗan'uwan uba ne, kawu ɗan'uwan uwa, gwaggo kuwa 'yar'uwar uba, kuma 'ya'yan wa da ƙanwa taubasai ne da ke wasa da juna. Amma da zarar an haura kaka, sai kalmomin su ƙare, a koma cewa kakan uba ko kakan kaka.

Gidajen malamai da na sarauta sun rubuta salsalarsu, shi ya sa aka san nasabar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo har zuwa Musa Jakollo, wanda ya fito daga Futa Toro. Tamu kuwa a ƙwaƙwalwar gwaggo take, ta kai kaka na biyar, wani marini, ta tsaya. A daren nan na sayi littafi na fara rubutawa.